Kwafin dabba: zai ƙuntata jinin karnukanmu, ko zai ceci zakunan Yankari?

Wani matashi mai kiwon karnukan gadi a Gombe ne ya aiko da tambayar. Ya ce ya ji a ƙasashen waje mutum kan biya kuɗi a yi masa kwafin karensa ko kyanwarsa idan ta mutu. Shin wannan ba zai mai da dabbobi jini ɗaya ba, cuta guda ta zo ta share su? In kuwa abin na da amfani, me ya hana a kwafi zakunan Yankari da ake cewa sun kusa ƙarewa?

Ƙanena, tambayoyinka biyu amsarsu daga tushe ɗaya take. Kwafi ba ya kawo sabon jini, wanda ya tarar shi yake maimaitawa. Saboda haka ko ya yi ɓarna ko ya yi gyara ya danganta ne da wace dabba aka kwafa, da kuma ko kwafin ya shiga barbara ko ya zauna a gida yana cin abinci har ya mutu.

Ga yadda aikin yake. Ana samo ƙwai daga jikin mace, a ɗora shi ƙarƙashin madubin ƙara girma. Da hannu ɗaya ma'aikacin zai riƙe ƙwan da bakin wani bututun gilashi, da ɗayan ya soka siririyar allura ya zuƙe cibiyar ƙwan, inda bayanan gadon uwar suke. Ƙwan ya zama fanko ke nan. Sai a ɗauko ƙwayar jiki guda daga dabbar da ake son kwafa, galibi daga ɗan yankin fatar kunne ko ta ciki, a cusa ta jikin fankon, a sakar musu ɗan tartsatsin lantarki su haɗe. Idan an yi sa'a ƙwan zai fara rarrabuwa kamar an yi barbara. Daga nan a dasa shi a mahaifar wata mace ta goyi cikin. Abin da za ta haifa ba nata ba ne, tagwai ne na dabbar farko, sai dai an haife shi a makare. Ɗan abin da ya rage na mai ƙwan shi ne gadon da ke cikin maitokondiriya, ƙananan sassan da ke samar wa ƙwayar jiki ƙarfi.

Ka ga babu wanda ya halicci komai a nan. Ƙwai na Allah, ƙwayar jiki ta Allah, mahaifa ta Allah. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1997 ta haramta kwafin ɗan Adam, ta kuma bar ƙofa a buɗe ga dabbobi da tsirrai matuƙar akwai maslaha kuma an kauce wa cutarwa.

Maganar cutarwa ba ƙarama ba ce, domin aikin na da asara. Tunkiyar nan Dolly da aka haifa a Cibiyar Roslin ta Sikotlan ranar 5 ga Yuli, 1996, ita kaɗai ta fito daga ƙwai 277 da aka haɗa. Kare na farko, Snuppy, an same shi a Koriya ta Kudu a 2005 bayan an dasa 'yan tayi 1,095 a cikin karnuka mata 123. Biyu aka haifa, ɗaya ya mutu bayan makonni uku. An ƙware fiye da haka yanzu, amma har gobe duk ɗan kwikwiyon kwafi da ka gani a hoto akwai karnuka mata a bayansa da aka yi wa tiyata aka ciro ƙwai, da wasu da aka yi wa tiyata aka dasa.

Yanzu dubi abin da barbara take yi. Kare na da kuromozom (ƙunshin bayanan gado da ke cikin ƙwayar jiki) 78, wato tagwaye 39, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa. Duk lokacin da jikinsa zai haɗa ƙwayar maniyyi, daga kowane tagwaye guda ɗaya zai ɗauka. Wannan zaɓin kaɗai yana iya fitar da haɗi iri daban-daban fiye da biliyan 500, ban da musayar gutsattsari da tagwayen ke yi a tsakaninsu. Haka ita ma karyar. Shi ya sa za ka ga haihuwa ɗaya 'yan kwikwiyo takwas, wannan mai zafin rai, wancan malalaci, wannan ya jure kaska, wancan makonsa biyu yana kwance. Kwafi kuwa irin aikin manomin rogo ne: ya sari kara ya dasa, gonar ta cika fal, amma duk shuka ɗaya ce. Abin da zai kama tushe ɗaya zai iya kama na ƙarshen kunya.

Bambancin jini na da amfani ta fuska biyu. Ta farko ita ce wadda ka faɗa, cuta. Idan garke ya bambanta, annoba kan bar wasu a tsaye su ci gaba da haihuwa. Ta biyu ta fi ɓuya, kuma ita ta fi yi wa masu kiwo ɓarna. Kowace dabba tana ɗauke da wasu ƙwayoyin gado masu lahani waɗanda ba sa bayyana sai an gaje su ta uba da ta uwa a lokaci guda. Mun san wannan a sikila: mai AS lafiyarsa ƙalau, amma idan ya auri mai AS, kowane ciki na da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Dabbobin da ba dangi ba da wuya lahaninsu ya zo iri ɗaya. Dangi kuwa daga kaka ɗaya suka gajo shi, don haka da sun haɗu sai ya fito fili.

To, a karnuka da kyanwoyi na gida, kwafi bai taɓa wannan lissafin ba tukuna, kuma ban ga alamar zai taɓa nan kusa ba. Kamfanin ViaGen na jihar Texas a Amurka yana karɓar dala 50,000 kan kare guda. Masu iya biyan wannan ba su da yawa. Mawaƙiyar Amurka Barbra Streisand ta bayyana a 2018 cewa ta kwafi karyarta, shugaban Ajantina Javier Milei ma karnukansa kwafin wani karensa ne da ya mutu. Ka jera irinsu duka ka kwatanta da ɗaruruwan miliyoyin karnukan duniya, ba su kai a ƙirga ba. Ƙari a kan haka, yawancin masu biyan kuɗin kewa ce ke damunsu, ba kiwo suke yi ba. Kwafin da bai haihu ba bai ƙara komai a jinin irinsa ba, bai kuma rage ba.

Su ma masu kewar sau da yawa ba abin da suka rasa suke samu ba. Kyanwa ta farko da aka kwafa, mai suna CC, an haife ta a Jami'ar Texas A&M a Disambar 2001. Wadda aka kwafa, Rainbow, mai launi uku ce, da ja-ja da baƙi da fari. CC ta fito da zane-zane ruwan toka da fari, babu ɗigon ja ko ɗaya. Gadonsu ɗaya ne sak. Dalili shi ne launin ja da baƙi a kyanwa yana kan kuromozom X, mace na da guda biyu, kuma kowace ƙwayar jiki tana kashe ɗaya ta bar ɗaya tun tana tayi. Idan launi ma bai dawo daidai ba, ina ga hali, wanda rabinsa tarbiyya ce da abin da dabba ta gani a rayuwa?

Inda nake jin tsoro daban ne, kuma ya girmi kwafi da shekaru fiye da ɗari. Shi ne a samu namiji guda da kowa ke so, a yi ta kai masa mata. Masana kiwo suna da wani lissafi mai sauƙi na gano ainihin faɗin jinin garke: ka ninka yawan mazan da ke barbara da yawan mata, ka ninka da huɗu, ka raba da jimillarsu. Bijimi ɗaya da shanu 100 zai ba ka kusan 4. Wato a ido garken 101 ne, a jini kamar dabbobi huɗu ne, kuma irin wannan garke kan zubar da kusan kashi 12 cikin ɗari na bambancinsa a kowane zubi na haihuwa. Ka sa bijimai biyar waɗanda ba dangi ba, lissafin ya tashi zuwa 19, asarar ta sauko ƙasa da kashi 3. Yanzu ka ce bijiman biyar ɗin nan duk kwafin bijimi ɗaya ne. Kana ciyar da biyar, lissafin ya koma 4.

Turawa sun riga sun ɗanɗana wannan ba tare da kwafi ba, ɗurar maniyyi kaɗai ta ishe su. Shanun madara na Holstein, masu baƙi da fari ɗin nan da muke kira Firiziyan, miliyoyi ne a Amurka, amma kusan duk bijimansu ta wajen uba suna komawa ga bijimai biyu da aka haifa a shekarun 1960. Ɗaya daga ciki, Pawnee Farm Arlinda Chief, ya bar 'ya'ya mata kusan 16,000. Sai daga baya aka gano yana ɗauke da wani lahani ɓoyayye da ke kashe tayi a ciki, aka ƙiyasta ya jawo ɓari kusan rabin miliyan a duniya. A karnuka ma haka. Wani bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a 2021 ya duba iri 227 na karnukan asali, ya samu matsakaicin kusancin jininsu ya kai kusan kashi 25 cikin ɗari, daidai da abin da ake samu idan wa ya haye ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya. Karen Dalmeshiyan, mai ɗigo-ɗigon baƙi, sai da aka wayi gari kowane ɗayansu na ɗauke da lahanin da ke jawo tsakuwar mafitsara, babu mai lafiyayyen gado ko ɗaya da za a zaɓa. Maganin da aka samu a 1973 shi ne haɗa shi da wani irin kare daban, kuma ƙungiyar masu rajistar karnuka ta Amurka ba ta amince da jikokin wannan haɗi ba sai a 2011.

Abin da kwafi zai ƙara a nan shi ne ya cire birki na ƙarshe. A da, komai farin jinin ingarma ko bijimi, tsufa da mutuwa za su sauke shi, wani ya hau. Da kwafi zai iya ci gaba da baye shekara hamsin, a wurare goma a lokaci guda. Kuma akwai tarko: idan ka kai 'yar kare na asali wajen kwafinsa, a takarda baƙo ka kai ta, a jini ubanta ne ya haye ta. Gwajin DNA na yau da kullum ma ba zai faɗa maka wane ne uban cikin kwafin ba. A wasan folo na Ajantina an riga an shiga wannan zamani. A 2016 Adolfo Cambiaso ya hau kwafi shida na goɗiyarsa Cuartetera a gasar ƙarshe ta ƙasar. Masu rajistar dawakin tsere na Thoroughbred kuwa ba sa karɓar kwafi, ko ɗurar maniyyi ma ba sa karɓa, kuma a ganina wannan taurin kan ya yi wa irin nasu rana.

Kai da kake Gombe, matsalarka ba ta kai can ba, tana bayan gidanka. Abin da ake kawo mana asibitin dabbobi ke nan: Alseshan ɗan wata takwas ko tara, kai da ƙirji masha Allah, amma ka sa shi ya tashi daga kwance sai ka ga yana jan ƙugu, ƙafafun baya na haɗuwa a gwiwa, idan ya yi gudu yana tsalle da su tare. Ka shafa ƙasa ka ji ƙwallo ɗaya ne ya sauko. Ka tambayi mai shi asalinsa, sai ya ce uwar daga Jos aka kawo ta, uban na wani abokinsa ne, kare mai kyau, kowa a unguwar wajensa yake kaiwa. Ka bi diddigi kaɗan ka tarar uwar ma jikar wannan karen ce. Ciwon ƙugu na da alaƙa da ciyarwa da saurin girma, amma gado ne ginshiƙinsa. Ka dubi karen mafarauta da ba wanda ya zaɓa masa miji ko mata, da wuya ka ga irin wannan a jikinsa. Shawarata: ka buɗe littafi ka rubuta uwa da uba da kakannin kowane kare, kada ka haɗa biyun da suka haɗa kaka, kada ka bar namiji guda ya wuce shekara biyu zuwa uku yana hawan gidanka, kuma wanda ƙugunsa ya nuna ko ƙwallonsa bai sauko ba a fiɗiye shi komai kyansa.

Fiɗiya ta tuna min da wani ɓangare na kwafi da ba a cika faɗa ba. Wani doki mai suna Pieraz ya ci gasar duniya ta tseren dogon zango sau biyu, amma dandaƙaƙƙe ne, jininsa zai mutu tare da shi. A 2005 aka kwafe shi a Italiya, kwafin ya tashi ingarma, ya yi baye. A nan kwafi bai ƙuntata komai ba, jinin da ya riga ya fita daga garke ya maido. Wannan ita ce kaɗai ƙofar da kwafi ke da amfani ga dabbobin da ke bakin ƙarewa.

An fara da faɗuwa. A tsaunukan Firenis na Sifaniya akwai wata akuyar dutse da ake kira bukardo. Ta ƙarshe, mai suna Celia, ta mutu a Janairun 2000, bishiya ce ta faɗo mata. An riga an ɗebi fatar kunnenta, kuma a Yulin 2003 aka ciro kwafinta daga cikin wata akuya. Mintuna kaɗan ta yi ta mutu, huhunta bai ginu daidai ba. Amma a ce ta rayu fa? Mace ɗaya ce, babu namiji a duniya. A kwafe ta sau dubu, Celia dubu aka samu, ba a samu irin bukardo ba.

Labarin da ya yi kyau na wata 'yar dabba ce a Amurka, dangin bodari, feret mai baƙar ƙafa. An ɗauka ta ƙare, sai a 1981 aka gano ragowarta a kusa da garin Meeteetse na jihar Wyoming. Cuta ta shiga cikinsu, aka kama 18 da suka rage aka killace. Daga cikinsu bakwai ne kawai jininsu ya wuce zuwa gaba, don haka kafin a yi kwafi duk wadda ke raye jikar waɗannan bakwai ce. Akwai wata mace cikin waɗanda aka kama, Willa, da ba ta bar zuriya ba. Da ta mutu a 1988 aka aika ƙwayoyin jikinta ma'ajiyar sanyi ta gidan namun daji na San Diego, wadda Kurt Benirschke ya kafa tun 1975, lokacin da babu wanda ya san za a iya kwafin dabba daga fata. Da aka duba gadon Willa aka ga tana ɗauke da bambancin da babu shi a sauran, kusan ninki uku na abin da ake samu a kowace ɗaya daga masu rai. Ranar 10 ga Disamba, 2020, aka haifi kwafinta, Elizabeth Ann, daga cikin feret ta gida. Mahaifar Elizabeth Ann ta samu matsala, ba ta haihu ba, kuma muddin ba ta haihu ba aikin bai ƙara komai ba. A 2023 aka sake samun kwafi biyu, Noreen da Antonia. A 2024 Antonia ta haifi uku, biyu suka rayu. Ranar nan ce kakanni bakwai suka zama takwas.

Haka aka yi da dokin dajin Mongoliya, na Przewalski, wanda duk masu rai, kusan 2,000, suka fito daga dawaki 12. Ɗan doki mai suna Kurt da aka haifa a Agustan 2020 kwafin wani ingarma ne da aka daskarar da ƙwayoyinsa a 1980. Farar karkanda ta arewa kuwa saura mata biyu, Najin da 'yarta Fatu, a gandun Ol Pejeta na Kenya, tun da namiji na ƙarshe, Sudan, ya mutu a Maris 2018. Duk fatan da ake da shi a kanta ya rataya ne ga maniyyi da ƙwayoyin jikin 'yan ƙalilan da aka adana kafin su mutu.

Ka lura, a namun dajin nan duk inda aka ci riba, matacce aka kwafa, wanda jininsa ba ya cikin masu rai, kuma wani ne ya yi hangen nesa ya adana shi shekara talatin ko arba'in kafin a buƙace shi.

Yanzu mu zo Yankari. Gandun yana ƙaramar hukumar Alƙaleri, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 2,244, an keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962. Binciken da aka buga a 2014 kan zakunan Afirka ta Yamma ya nuna saura kusan 400 a wurare huɗu kacal: Niokolo-Koba a Senegal, gandun da ya haɗa Benin da Burkina Faso da Nijar, sai Tafkin Kainji da Yankari a Nijeriya. Na Nijeriya duka ba su kai 50 ba, na Yankari kuma su ne mafi ƙaranci, ana ƙirga su da yatsu. Mu ɗauka biyar ne. Kowane zaki na ɗauke da kwafi biyu na kowace ƙwayar gado, don haka iyakar abin da ke hannunmu goma ne, kuma da yake dangin juna ne, da yawa cikin goman iri ɗaya ne. Ka kwafi kowanne sau goma ka samu zaki hamsin, har yanzu goman nan ce. Za ka cika daji da 'yan'uwan juna, su haifi 'ya'yan da maniyyinsu ke da rauni, kamar yadda aka gani a zakunan kwarin Ngorongoro na Tanzaniya bayan annobar ƙudaje ta 1962 ta rage su zuwa goma da 'yan kai. Wannan ma idan aikin zai yiwu ke nan, domin ba a kai ga kwafin zaki ko giwa ba tukuna. Giwa wata 22 take goyon ciki, kuma ba ka da wata dabbar gida da za ta goya mata.

Sannan abin da ya rage zakunan ba rashin haihuwa ba ne. Mafarauta sun rage musu ɓauna da gwanki da kanki, yunwa ta tura su kan shanun da ke shiga gandun ko ke kiwo a gefensa, mai shanu ya ji zafi ya barbaɗa guba a mushe. Gonaki sun zagaye gandun ta yadda saurayin zaki ba shi da hanyar fita ya nemi mata a wani daji, baƙo ma ba shi da hanyar shigowa. Ɗan zakin da aka haifa a ɗakin gwaji, babu uwar da ta koya masa farauta, ka sake shi cikin wannan hali, ka san inda zai ƙare.

Akwai hanyar da aka gwada ta yi aiki, kuma ta fi araha nesa ba kusa ba. Fumar Florida, dangin damisa, ta ragu zuwa ashirin da 'yan kai, wutsiyoyi suka karkace, mazan ƙwallayensu ba sa saukowa, wasu da ramin zuciya. A 1995 aka kawo mata takwas daga Texas aka saki. Cikin shekaru kaɗan lahanin ya ragu, yawansu ya ninka kusan sau uku. Kusa da mu ma, raƙuman dawa na Kure a Nijar sun sauko zuwa 49 a 1996. Da aka hana kashe su, aka sa mutanen ƙauyukan suka ga amfaninsu, sun haura 600. Babu allura, babu ɗakin gwaji.

Sai dai a kula da inda za a ɗauko baƙon jini. Zakin Afirka ta Yamma ya fi kusa da zakin Indiya a kan na Kenya ko Afirka ta Kudu. Binciken da Talatu Tende da abokan aikinta suka yi ta hanyar ciro DNA daga kashin zakuna ya nuna na Yankari sun fi kusa da na Kamaru, na Kainji kuma da na Benin. Don haka in za a kawo wa Yankari zaki, Kamaru za a duba. Raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo gandun Sumu daga Namibiya a 2006 sun ƙawata wurin, yara na zuwa kallo, amma raƙumin dawan Namibiya ba shi ne wanda ya taɓa yawo a ƙasar Bauchi ba.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai ma ba zaki ba ne, shanunmu ne. Bunaji da Rahaji da Bokoloji, tumakin Balami da Uda da 'Yankasa, jar akuyar Sakkwato, kowannensu ɗaruruwan shekaru ya yi yana sabawa da zafinmu da kaskarmu da doguwar tafiyar rani. Makiyayi ya daɗe da sanin amfanin canza bijimi, yakan saya a kara ko ya karɓo daga wani garke don kada jini ya tsaya wuri ɗaya. Yau ana ɗura wa shanun maniyyin Firiziyan don madara. Zubin farko yakan ba da sha'awa. A ci gaba da ɗurawa babu lissafi, zubi na uku sai ka ga saniya tana haki a inuwa, kirci ya cinye mata baya da damina, ga shi jinin da aka zuba ɗin na 'yan bijiman nan ne da na ba ka labari. Kuri na Tafkin Chadi da Muturu na kudu mai jure sammore duk suna raguwa. Ba na ƙin haɗin, na ƙi a yi shi ba tare da an ware garkunan asali an kuma adana jininsu ba.

Adanawar ba ta fi ƙarfinmu ba. Ɗan yankin fatar kunne kamar ƙwayar wake ya isa. Idan dabba ta mutu, a yanka da tsabta, a sa cikin ruwan gishirin asibiti, a ajiye a sanyin firij ba a firiza ba, domin ƙanƙara na fasa ƙwayoyin, a kai ɗakin gwaji cikin 'yan kwanaki. Can za a raina ƙwayoyin su yawaita, a zuba musu maganin da ke hana ƙanƙara fasa su, a nutsa su cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. Tulun naitirojin ba ya amfani da wutar lantarki, wanda a ƙasar nan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Abin da yake so a riƙa ƙara masa ruwan a kan kari, kuma masu ɗurar maniyyi a cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, sun saba da wannan aikin. Kowane zaki ko giwa da aka sa wa allurar barci don ɗaura mata na'urar bibiya, kowane da aka tsinci gawarsa da wuri, ya kamata a ɗebi fatarsa, a rubuta jinsinsa da wurin da ranar. A raba samfurin gida biyu, misali ɗaya a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato ɗaya a Shika, saboda tulu kan tsage, mota kan makara da naitirojin, kuma ƙwayar da ta narke sau ɗaya ba ta sake amfani. Kuɗin naitirojin ɗin kuma a sa shi cikin kasafin kowace shekara da sunansa, kada a jingina shi da wani tallafi na shekara uku.